'Yata ta kama waƙar da ake faɗa a tsaye, in hana ta ko in ƙyale ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni mahaifi ne, ina zaune a Mabera cikin Sakkwato. Ina da 'ya mai shekara 16, tana aji biyar na sakandare. Yarinya ce marar magana, ko a gida sai an tambaye ta take buɗe baki. Kwanan nan ƙanenta ya nuna mini bidiyonta a waya, tana tsaye gaban 'yan makarantarsu tana zuba wata magana kamar waƙa, babu kiɗa babu rerawa, rabi Turanci rabi Hausa, har da ɗaga hannu. Wai sunan abin sifokin wod. Mu gidanmu ba mu gaji roƙo ba. Mene ne wannan abu, kuma in hana ta ko in ƙyale ta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya ta, ya sa albarka.

A taƙaice, kada ka hana ta, kuma kada ka bar ta daga ita sai waya. Sauran bayanin da ɗan tsawo, ka yi haƙuri da ni. Shekarata 17 ina koyar da Hausa a sakandare a nan cikin gari, kuma ni ke riƙe da ƙungiyar adabi ta makarantarmu. Muna zama ran Laraba bayan an tashi, a gindin dogonyaro in aji ya ɗau zafi. Irin 'yarka sun bi ta hannuna da yawa, irin tambayarka kuma iyaye sun sha kawo mini ita har ofis, wasu da fushinsu.

Sunan da yaran ke kira na Turanci ne, ma'anarsa maganar da aka furta. Ni a aji waƙar furuci nake ce mata. A karatun adabi mun saba kasa waƙa gida biyu. Akwai ta baka, ta makaɗa, mai kotso ko taushi ko kalangu da 'yan amshi a baya. Akwai rubutacciya, ta malamai da almajirai, mai baiti da ɗango da amsa-amo, wadda ake zama a tsara a takarda sannan a rera ta ba kiɗa. Abin da 'yarka ke yi ya faɗo a tsakani. Ana rubuta shi, a hardace, a miƙe gaban mutane a faɗa, amma ba a rerawa. Muryar magana ce kawai, a ɗaga nan, a sassauta can, a ɗan yi shiru a bar mai sauraro ya haɗiye. In kana neman ɗan'uwansa a cikin kayanmu na gado, kirari ne. Ka tuna ɗan dambe in ya shigo fage ya ɗaga hannu, ko maharbi. Ba ya rerawa, faɗa yake yi, amma sai ka ji tsigar jikinka ta tashi. Sai dai mai kirari kansa yake wasawa, yaran nan kuwa galibi abin da ke cin su suke faɗa.

A siffar da suka gani a waya, daga Amurka ya zo, ba zan ɓoye maka ba. Baƙaƙen fatar can sun daɗe suna amfani da irin wannan furuci wajen kokawa da wariyar da ake nuna musu. Gasar kuwa wani ma'aikacin gini ne a Shikago, Marc Smith, ya ƙirƙiro ta. Ya gaji da yadda ake karanta waƙa mutane na gyangyaɗi, ya fara shirya zama a 1984, daga 1986 abin ya zama na mako-mako a wani gidan kiɗa da shaye-shaye. Suka sa wa gasar suna silam. Dokokinta kaɗan ne: minti 3, babu kiɗa, babu kayan wasa, kuma waƙar ta zama taka. Alƙalai biyar ake tsamowa daga cikin 'yan kallo, kowa ya ba da maki daga 0 zuwa 10, a zubar da na sama da na ƙasa, a haɗa ukun tsakiya. Daga baya malaman makaranta suka ga abin na karɓar matasa, aka fara shirya musu nasu. A nan Najeriya ma ya yi rassa. A Minna akwai gidauniyar Hill-Top da marubuci BM Dzukogi ya kafa don renon 'yan sakandare a harkar rubutu, suna tara makarantu gasa duk shekara. Maryam Bukar Hassan, 'yar asalin Borno da aka fi sani da Alhanislam, da wannan fasaha ta yi suna, da lulluɓinta, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa ta mai fafutukar zaman lafiya a 2025. Ina kyautata zaton 'yarka ta san ta, don kusan duk yarinyar da ta zo mini ita take kwaikwayo.

To wannan riga ce ta aro, amma jikin da ke ciki namu ne. Bai kamata waƙa a bakin 'ya mace ta zame wa Basakkwace baƙon abu ba. In ka shiga Hubbare ziyara, nan kusa da Shehu aka binne 'yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Da me ta karantar da matan karkara? Da waƙa. Tana tsarawa da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta zaɓi dattijan mata masu hankali ta naɗa su jaji, ta ba kowace malfa. Su hardace waƙoƙin su koma garuruwansu su biya wa mata, sannan su jagoranci 'yan taru, tsofaffi da ƙananan 'yan mata, su tako da ƙafa zuwa wurinta. Shehu da kansa ya yi waƙa, ƙanensa Abdullahi ya yi, Muhammadu Bello ya yi. Sun san talaka ba zai buɗe littafin Larabci ba, amma baiti in ya shiga kunne ya samu wurin zama. Ko a baya-bayan nan, Alhaji Shehu Shagari yana malamin makaranta ya rubuta Waƙar Nijeriya don yara su san ƙasarsu, ba wanda ya kira shi maroƙi.

Na gane abin da kake tsoro da ka ce ba ku gaji roƙo ba, kuma tsoron yana da tushe. Sai dai tsayawa gaban jama'a kaɗai ba ya mai da mutum maroƙi. Roƙo shi ne a wasa mai abu don ya bayar, a yi wa marowaci zambo don ya ji kunya. Sana'a ce mai gidajenta da tarihinta, ba na raina ta, amma daban take. Yarinyar da ta tsaya ta faɗi yadda take ji in an ɗauke wuta tana tsakar karatun jarrabawa ba ta roƙi kowa ba. Inda za ka sa ido yana gaba kaɗan, in ta fara suna. Lokacin ne masu taro ke aiko da goron gayyata, a zo a yi wa mai girma wane 'yan baitoci a wurin ƙaddamarwa, ga ambulan. Na ga yara masu basira sun bi nan, cikin shekara guda bakinsu ya koma na sanƙira, sai dai da Turanci. Wannan kam roƙo ne ko an sa masa kwat. In ranar ta zo ka ce a'a, ina bayanka.

Batun muryar mace gaban maza kuwa, ka kai shi wurin malamin da gidanku ya dogara da shi, ku tsaya inda ya tsayar da ku. Abin da zan ƙara shi ne fagen ba ɗaya ba ne. Akwai taron makarantar 'yan mata, akwai walimar Islamiyya, akwai tsakar gida. Jajin Nana ma mata suke biya wa.

Yanzu ga inda na fi so ka tsaya. Ka ce yarinyar ba ta magana. A gidajenmu, yaushe 'yar shekara 16 take da izinin magana? Mun koya mata ta sunkuyar da kai, kada ta haɗa ido da babba, in ana mata faɗa ta yi shiru ko tana da gaskiya. Tarbiyya ce mai kyau, da ita aka rene ni, da ita nake renon nawa. Amma kakannin da suka kafa wannan kunya sun bar mata ƙofar baya. Budurwa tana da dandali: da farin wata a fita gaɗa, ana tafi ta jefa baitin da kowa ya san da wa take, ba mai kama ta. Matar aure tana da dutsen niƙa, tana niƙa tana waƙa, uwar miji na jin habaicin daga ɗaki ba ta da ta cewa, ai waƙa ce. Ranar daɓe ma haka. Samari suna da tashe cikin azumi, su kwaikwayi malam da attajiri a ƙofar gidansu, a yi dariya a ba su hatsi. Yau inji ya karɓe niƙa, siminti ya kashe daɓe, dandali kuwa wa zai bar 'yarsa ta fita da dare? Mun riƙe kunyar, ƙofar ta toshe. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, haka ne, amma ko rumbu ne yana da iyakar abin da zai ɗauka. Kuma a waɗannan shekarun ne cikin yaro ya fi cika. Jiki na sauyawa, ana yanke zancen aure ko na karatu a kansa ba a tambaye shi ba, yana ganin abubuwa a gari da ba mai yi masa bayaninsu. Wasu a zage-zagen intanet suke saukewa, wasu a kwalbar maganin tari. Taka biro ta ɗauka.

Sai dai ɗaukar biro daban, samun murya daban. Shekarar farko kusan kowane yaro da bakin wani yake magana. Akwai wani ɗan aji huɗu da ya zo mana, dogo, mai ƙarfin hali. Ya miƙe ya ware hannuwa kamar zai tashi sama, ya buga ƙirji: "Afirka uwata tana kuka! Hawayenta sun cika teku!" Haka ya yi ta yi har minti biyar, da sarƙoƙi da duhu da fitowar rana. 'Yan'uwansa suka tafa. Da ya zauna na ce, "Ka taɓa ganin teku?" Ya ce, "A'a, Malama." Iyakarsa Gulbin Rima. Na ce, "To mi kag gani yau da sahe kahin ka taho?" Ya ce, "Ba komi. Babana na aza buhunnan albasa ga mota." Na ce ya rubuto mini wannan. Ya ɓata rai, a ganinsa wa zai tafa wa albasa? Sati biyu bai ce uffan ba. Na uku ya miƙe, hannuwansa a aljihu, ya ce:

Babana shina warin albasa,
ko ya yi wanka, ko ya sa turare ran Juma'a.
Da kunya nika ji in ya zo makaranta.
Sai ran da nig ga kuɗɗin jarrabawata
ana ƙirga su bisa tabarma,
su ma suna warin albasa.

Ba wanda ya tafa da farko. Wani yaro a baya, ɗan majema, ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsu. Wannan ɗan shirun da ke zuwa kafin tafi, shi nake jira a wurin kowane yaro. Ran da ya samu, ya daina ihu da kansa ba sai na hana shi ba.

Kwaikwayo yana da wata illa da kunnen malamin Hausa ke saurin kamawa. A Turanci mai furuci na iya jan kalma ko ya dankwafar da ita yadda ya so, ma'ana ba ta gusa ba. Hausa ba ta yarda da haka. Kuka na hawaye da kuka ta miya haruffansu ɗaya, hawa da saukar murya ne ya raba su, kamar yadda tsawon wasali ya raba gashin kai da gashin nama. Yaron nan da ya ɗauko karin Amurkawa mai dankwafe ƙarshen kowane ɗango, sai ka rantse kukar miya ce Afirka ke talla. Ga kuma arhar amsa-amo. Kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, don haka yaro na kama rayuwa sai damuwa ta biyo, sai rabuwa, sai mutuwa, har ya cika shafi bai ce komai ba, amsa-amon na jan sa kamar akuya da igiya. Maganin da nake yi musu tsohon magani ne. Ina sa su tsara 'yar ƙwar biyu bisa ƙa'ida, su ƙirga gaɓa mai nauyi da marar nauyi bisa arulin da muka gada daga Larabawa, wanda Halilu ɗan Ahmadu na Basra ya tsara. Suna ƙorafi, wai ai tasu waƙar ba ta da doka. Nakan ce wanda ya taɓa ɗauko tulu daga rijiya ba ya wasa da moɗa guda. Bayan wata ɗaya sai in sake su, kuma daga nan ba su ƙara zubar da kalma a banza.

Ka ce rabi Turanci rabi Hausa. Kada wannan ya dame ka. Yawancin gasannin da Turanci ake yin su, kuma yana gyara mata harshe don jarrabawa. Amma ga abin da na lura da shi: yaro in yana son ya burge, Turanci yake ɗauka. In abin ya taɓa shi sai Hausa ta kuɓuce masa, kuma ta gida, ba ta littafi ba. Ka koma ka sake kallon bidiyon, ka lura da daidai inda ta juya Hausa. Abin da ya tsayar da ita gaban mutane yana nan wurin. Yaranmu suna jin nauyin Sakkwatanci, don daidaitacciyar Hausar da muke koyarwa a kan Kananci aka gina ta, kuma in sun je wani gari ana kwaikwayon bakinsu. A takardar jarrabawa ni ma ina bin "munka" da "shina" da jan biro, aikina ke nan. A gindin dogonyaro kuwa ba na taɓa su. Narambaɗa, mutumin Tubali ta ƙasar Isa, bai sauya harshensa don kowa ba, ga shi har yau ana rubuta digiri a kansa.

In 'yarka ta yi Islamiyya ta samu tajwidi, rabin horon na hannunta. Ba haɗa Alƙur'ani da waƙa nake ba, Allah ya tsare. Nufina wanda aka koya wa fitar da kowane harafi daga mafitarsa, da inda ake waƙafi, da tanadin numfashi, in ya miƙe yin magana ana jin sa har baya. A garin nan aka fara musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa a 1986, ƙarƙashin Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma yau ba mai mamakin ganin 'yar shekara 12 zaune gaban alƙalai da lasifika. Masu in'ina ma abin na taimakonsu. Ina da yaron da ba ya iya gama gaisuwa, amma in ya hardace ya miƙe sai harshen ya sake. Amanda Gorman, wadda ta yi waƙa a bikin rantsar da shugaban Amurka a Janairun 2021 tana da shekara 22, da matsalar furuci ta taso.

Saura zancen waya, kuma a nan laifina zan faɗa maka.

An kawo mana wata yarinya da iyayenta suka baro ƙauyensu a gabashin jihar nan, yankin da 'yan bindiga suka hana noma, suka kama ɗakin haya a bayan gari. Zango guda tana zuwa zaman Laraba, ta zauna a ƙarshen benci, hijabi har goshi, ba ta taɓa cewa komai ba. Ban matsa mata ba. Wata rana ana watsewa ta tura mini takarda a ninke ta gudu. Sati na gaba na tambaye ta ko za ta faɗa da bakinta. Ta miƙe, idonta a ƙasa, muryar kamar ta mai raɗa:

Inna tana kiran awakinta da suna har yau,
Ja, da Kyalla, da Mai-ƙaho-guda.
Nan gidan haya babu turke.
Da magariba takan leƙa ƙohwa,
ni kau in ce mata sun shigo.

Ba ta ambaci bindiga ba, ba ta ambaci gudu cikin dare ba, ba ta ce kowa ya tausaya mata ba. Na juya baya ina gyara mayafi don kada yara su ga idona.

Daɗi ya ɗebe ni. Da ranar ba da kyaututtuka ta zo na sa ta a jerin masu fitowa, gaban iyaye da baƙi. Ta yi, ta yi kyau. Wani baƙo ya ɗauka a waya ya sa a Facebook, daga nan aka kwashe zuwa TikTok. Ni har murna nake ina nuna wa malamai. Kwana uku sai abin ya juya. Masu addu'a suna yi, amma ga masu kwaikwayon bakinta suna ce mata baƙauya, ga masu cewa uwar ta taɓu a kai ta asibiti. Dangi suka bugo wa mahaifin, wai an sa ɗiyarka tana tallan talaucinku a duniya. Sati biyu ba ta zo makaranta ba, zaman Laraba kuwa ta bar shi har ƙarshen shekara. Ban tambaye ta ko ta yarda a ɗauka ba. Ban tambayi uwar ba, alhali sirrinta ne aka faɗa. Na ɗauka fage duk fage ne. Ashe 'yan aji talatin da suka san ta suna jin waƙar da fuskarta da halinta, na waya kuwa daƙiƙa ashirin suke gani, su yanke hukunci su wuce, abin kuma ya zauna ba ya gogewa.

Shi ya sa na ce kada ka bar ta daga ita sai waya. Ku yi yarjejeniya: ba abin da zai hau intanet sai ya kwana bakwai a littafi, mahaifiyarta ta ji shi, kuma duk wanda sirrinsa ke ciki ya yarda. Saɓanin malamai da abin da ya shafi aƙida ba fagen yaro ba ne, haka kama sunan ɗan siyasa. Ka san garinmu, ka san abin da kalma ɗaya da aka yanko daga tsakiyar bidiyo ke iya jawowa. In an gayyace ta wani wuri, ka san wanda ya shirya, a yi da rana, yayanta ko gwaggonta su raka ta, a dawo kafin magariba. Baɗi tana aji shida, ga WAEC ga NECO ga JAMB, don haka a yanka wa waƙa ranarta.

Waɗannan duk shinge ne, kuma kowane uba ya iya kafa shinge. Mai wuyar shi ne ka saurare ta. Kada ka fara da "na ga bidiyonki", za ta ji kamar an kama ta da sata, ƙanen nata kuma ya zama ɗan rahoto a idonta. In akwai nauyi tsakaninku, musamman in 'yar fari ce, ka bi ta wurin mahaifiyarta, a ce Baba ya ji kina rubutu, yana son ya ji guda ɗaya, wadda kika zaɓa. Ta yiwu ta ƙi. A bar ta, a sake tambaya bayan wata. Ran da ta yarda, ka zauna a tabarma kamar kowa, ka ajiye waya. In ta gama kada ka gyara mata komai, kuma don Allah kada ka ce "da wa kike?" Tambayar nan ita ke kashe waƙa a gidajenmu. Uwar miji ta da ma ta san ba a tambayar mai niƙa. Ka ɗauki ɗango ɗaya da ya tsaya maka ka maimaita mata shi, ya isa. Ka sayo mata littafin rubutu mai kauri a kasuwa, ka ce nata ne, ba mai buɗewa, kuma ka cika alkawarin.

In ta je gasa kada tambayarka ta farko ta zama na nawa ta zo. Makin nan na 0 zuwa 10 wasa ne aka ƙirƙiro don 'yan kallo su farka, kuma sau da yawa mai ihu da hawaye ke kwashe shi. Yaron da ya kwallafa rai a kai sai ya fara ƙara wa ciwonsa gishiri, ko ya aro na wani. Yanzu ma har manhajar waya suke sa wa ta rubuto musu, a kawo mini waƙa sumul ba ƙura ba wari. Nakan nuna kalma ɗaya in ce mene ne wannan, sai a fara sosa ƙeya.

Abu ɗaya ne zan ce ka ɗauke shi da gaske ba a matsayin fasaha ba. In ka ga waƙoƙinta sun koma zancen mutuwa da gajiya da rayuwa, yau da gobe, ga rashin barci ko ƙin abinci, to saƙo ne take aikowa. A zauna da ita cikin lallashi, a ga likita, kada a tsaya jin kunyar abin da mutane za su ce.

Ka kuma shirya, wata rana za ka ji kanka a ciki. Uban da ke fita tun asuba ya dawo an yi barci, ko wanda ba a taɓa jin ya ce madalla ba. Zai yi zafi. Ka tuna mai albasa: yaron da kunya ya fara, bai tsaya nan ba. In ka katse ta a ɗango na uku ba za ka ji na shida ba.

Yarinyar awaki ta dawo mana a shekara ta gaba, bayan na je gidansu da ƙafata na ba iyayen haƙuri. Ta ce ba za ta ƙara tsayawa gaban taro ba, na ce ba komai. Ran nan na tambaye ta ko Inna ta taɓa jin waƙar daga bakinta, ba daga bakin dangi ba. Ta ce a'a. Bayan sati biyu ta same ni a ofis, ta ce ta karanta mata da dare bayan isha'i, ƙannenta sun yi barci. Na ce me ta ce? Ta ce ta daɗe ba ta yi magana ba, sannan ta ce, "Huɗu na, ba ukku ba. Kin mance da 'yar baƙar da kawunki yab ba ni." Ta buɗe littafin ta nuna mini inda ta ƙara ta a ɗango na biyu, da fensir.